Magatakardar Masarautar Kan Dutse

Na taɓa riƙe muƙami a wata masarauta wadda ba ta cikin taswira, ba ta kuma da wata fada sai wani falalen dutse a bayan ƙauyen su mijina. Mako biyu na yi a kan muƙamin, kuma a cikin mako biyun nan saura ƙiris in raba surukata da abin da ta fi ji da shi.

Ni malamar firamare ce a Kafanchan. Ƙauyen su mijina yana can ta hanyar Kagarko, inda kowane gida yake noman citta. Duk hutun Kirsimeti mukan kwashi yara mu tafi, kuma lokacin ke nan da ake tsagar citta. In an tono ta an wanke, sai a zauna da wuƙa a raba kowace saiwa gida biyu a tsaye, a shanya a kan dutse har ta bushe. Aiki ne mai cin baya da yatsu, ba macen da za ta iya na gidanta ita kaɗai. Shi ya sa matan ƙauyen suke gayya: yau a tsaga ta wannan gida, gobe ta wancan, har a zagaye kowa. Yarena daban da nasu, Hausa ce ta haɗa mu.

Ranar farko da surukata, wadda nake kira Mama, ta kai ni dutsen, na hango inuwar wani babban mangwaro, na nufe ta kai tsaye da 'yar kujerata. Wata gajeruwar tsohuwa, da gammo a kanta ba kaya a kai, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wane ne ya kawo wannan baƙo cikin fada ba gaisuwa?" in ji ta.

Mama ta ja ni gefe tana dariya ƙasa-ƙasa. "Amarya, wannan Sarauniya ne. Durƙusa ki ce ranki shi daɗe, sa'an nan ki koma rana."

Na durƙusa, na faɗa, na koma rana.

Kowa ya san yadda aka kafa masarautar, don Sarauniya ba ta gajiya da ba da labarin. Shekarun baya ta je wani babban taron coci a Kafanchan, ta ga jerin maza cikin baƙaƙen kaya da huluna masu gashin tsuntsu, kowanne da takobi a kwiɓi, ana ce musu jarumai. Ƙaninta yana cikinsu, mutumin da ko kaza sai an yanka masa. Da aka tashi ta tare shi ta tambaye shi me takobin nan ya taɓa yankawa. Ya ce ba na yanka ba ne, na girma ne. Ta dawo gida da maganar a ranta. Washegari a kan dutse ta ɗaga wuƙarta ta ce in ana ba da girma saboda ƙarfen da bai taɓa yanka ko lemo ba, to ina ga masu ƙarfen da yake tsaga buhu-buhu? A ranar ta naɗa kanta, ta ɗora gammo a matsayin kambi. Ba wadda ta yi gardama, domin duk ƙauyen ba mai bakinta.

Lambobin girman masarautar zaren saƙa ne da ake ɗaurawa a ƙotar wuƙa. Ja na wadda ta yanke yatsa ne ta kuma dawo aiki washegari, kusan kowa tana da shi, wasu har uku. Baƙi na masu tsaron iyaka ne, waɗanda suka yi suna wajen korar aladu da awaki kafin su tattake shanya. Akwai wadda ta sami nata don ta bi wani alade har cikin rafi, ɗankwalinta a hannu. Kore kuwa sai wadda ta ba da labarin da ya sa mata suka ajiye wuƙa don dariya, kuma Sarauniya tana rowarsa sosai, in dariyar ba ta kai ga hawaye ba ba ta bayarwa.

Sai fari, wanda ya fi duka. Jarumai bakwai kaɗai suke riƙe da shi. Su ne masu zama a tsakiyar inuwa, su ake fara miƙa wa kunu, su suke jan addu'a kafin a sa wuƙa. Ba a kwance wa mace farin zare sai ta mutu ko ta bar gari, kuma ba wanda ya san abin da ake yi a same shi. In an tambayi Sarauniya sai ta ce sirrin fada ne. Mama tana cikin bakwai ɗin tun mijina yana sakandare. Duk wanda ya ga yadda take goge ƙotar wuƙar nan da bakin zaninta ya san a wurinta abin ya wuce wasa.

Ranar ƙarshe ta gayya ake ɗaurin zare. Mai karɓa takan durƙusa a kan buhu, Sarauniya ta taɓa mata kafaɗu da tsohuwar addar marigayi mijinta, ta sa ta yi alkawari biyu: ba za ta gudu daga dutse ba sai an gama cittar gida na ƙarshe, ba za ta kuma kai wa miji abin da aka faɗa a nan ba. Ni a lokacin ban durƙusa a buhun ba, shi ya sa nake da bakin ba ku wannan labari.

Hutu huɗu na yi a rana ba ni da zare ko ɗaya. Ba na yanke yatsa, don a hankali nake aiki. Alade kuwa tsoronsa nake ji. Labaraina duk na makaranta ne, in na gama sai a ce min "to, madalla" a ci gaba da aiki. Ba zan ɓoye ba, abin yana cina. Ni da nake raba wa yara kyautar na ɗaya da na biyu kowane zango, ga ni zaune ƙeyata tana gasuwa, ban ma san ma'aunin da ake bi ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Matasan matan da muke rana tare suna gunaguni, musamman matar mai gyaran mashin, wata doguwa mai saurin hannu. Takan ce, "Mu ne muna yin aiki, su ne suna shan inuwa."

A hutu na biyar Sarauniya ta kira ni gaban kowa. Wani jikanta ya gaya mata cewa duk masarautar kirki tana da magatakarda.

"Malama, ki sa mu a takarda," ta ce. "In na mutu kar wani ya ce ba a yi mu ba."

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na sayi sabon littafin rubutu. A shafi na farko na jera mata kirari: Sarauniyar Kan Dutse, Uwar Wuƙaƙe, Mai Gammon da Ba Ya Faɗuwa. A na biyu na rubuta zarurruka da ma'anarsu. Da na tsaya nan da komai ya tafi lafiya. Amma mu malamai muna da ciwo ɗaya, in muka ga abu ba tsari sai hannunmu ya fara ƙaiƙayi. Na buɗe shafi na uku na rubuta dokoki. Doka ta uku ta ce za a riƙa sake rabon farin zare kowace shekara, a yi gwaji, kowa ta zauna nesa da 'yar'uwarta da nata daron, bakwai ɗin da suka fi cika daro su karɓa. Doka ta huɗu ta ce duk wadda ta zuba citta a daron wata, a kwance mata zarenta duka, ta koma tsaron aladu har a gama gayya. Na karanta wa kaina sau biyu, na ce wannan shi ne adalci.

Ranar da na karanta a kan dutse, Sarauniya ta sa na maimaita kirarinta sau uku, ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Kafin in kai ga dokoki ta juya tana yi wa ta kusa da ita bayanin ma'anar Uwar Wuƙaƙe. Na gama, ta shafa tawadar biro a babban yatsa ta dangwala a ƙasan shafin. 'Yan rana suka yi guɗa. Mama ta ce, "Allah shi sa albarka," ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.

Washegari da safe a bakin famfo ɗaya daga cikin bakwai ɗin, matar tsohon katikis, wato malamin coci, ta bari mutane suka ragu, sa'an nan ta matso kusa da ni.

"Malama, kina da ido kuwa?"

Na ce mata ina da shi.

"Ba ki da shi. Hannun mamanki yana rawa tun bara waccan. Daro ɗaya ba ta iya cikawa har rana ya faɗi. Mu shida ne muna sa mata, kaɗan-kaɗan, in ta juya kai. Yanzu kin zo da takardanki kin ce kowa ya zauna nesa da kowa."

Na tuna na sha ganin Mama tana riƙe kofi da hannu biyu, na ɗauka ɗabi'ar tsufa ce. Daga inda nake zama a rana, abin da nake hangowa kawai daronta ne cike. Ga shi ranar gwaji saura kwana huɗu, kuma da rubutun hannuna za a kwance mata zaren da ta yi shekara ashirin da wani abu tana gogewa, a ɗaga ta daga cikin ƙawayenta, a mayar da ita rana a gaban surukai da jikoki.

Na bar bokitin a wurin na tafi gidan Sarauniya. Na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Ranki shi daɗe, a cire doka ta uku."

"Wane doka?"

Na yi mata bayani. Ta daina ɓarar gyaɗar.

"Ni ban ji wannan ba, ina jin sunana ne," ta ce. "Amma na sa hannu a gaban mutane. In na cire yanzu, yaran nan za su ce tsofaffi suna jin tsoro, kuma za su tambaya don wane ne aka cire. Kina so in kira sunan mamanki? Laifin namu ne mu biyu, amma naki ya fi girma don ke kin yi makaranta."

Da na gaya wa mijina, dariya ya yi, ya ce zaren saƙa ne fa, zai sayo wa Mama ƙunshi guda in ya shiga Kafanchan. Ban yi masa magana ba har la'asar. Mama kuwa ba ta ce min komai ba duk kwanakin nan. Tana ba ni abinci, tana wasa da yara, tana kirana amarya yadda ta saba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ranar gwaji da sassafe na gan ta ta ɗaura zanin zumuntar matan coci, wanda ba ta sawa sai Lahadi, tana wasa wuƙarta a dutsen bakin ƙofa.

An yi addu'a, kowa ta zauna da daronta, tsakaninta da ta kusa da ita tsawon hannu. An yarda za a tsaya in inuwar mangwaro ta taɓa wata tsaga da ke tsakiyar dutsen. Ni ma ina yanka, littafin yana kan cinyata.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsofaffin nan shida. Ashe wasa suke mana duk shekarun nan. Wuƙaƙensu suna tafiya ba sa ko kallon hannunsu, suna hirar wanda ya yi barci a coci. A cikin 'yan rana matar mai gyaran mashin ce kaɗai take biye da su, kuma kowa ta gane ita za ta ɗauki kujera ta bakwai. Na dubi Mama. Takan dafe saiwar a gwiwa, ta kai wuƙa, wuƙar ta kauce, ta sake kaiwa. Sai ta gwada sau uku kafin ta raba guda. Ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. A hankali hirar tsofaffin ta mutu, sai ƙarar wuƙaƙe kawai.

Inuwa ta kusa taɓa tsagar, daron Mama bai kai rabi ba. Sai na ga ta ajiye saiwar da ke hannunta, ta ɗora wuƙar a cinya, ta fara taɓa ƙullin farin zaren da farce. So take ta kwance da kanta kafin a ce ta kwance. Wannan ne na kasa ɗauka. Na miƙe, littafin ya faɗi, na ɗauki darona na ratsa dutsen ta gaban kowa, na juye shi duka a cikin nata. Ban yi a ɓoye ba, ko da na so ma ban iya ba, ƙarar zubar cittar har wajen masu tsaron aladu.

Sarauniya ta gyara gammonta.

"Magatakarda, karanta mana doka na huɗu."

Na koma na ɗauko littafin na karanta.

"Kin amsa laifinki?"

"Na amsa, ranki shi daɗe."

"To. Ba ki da zare da za a kwance. Saura aladu."

Wata ta yi dariya ta toshe baki, don kowa ya san ni da alade. Kafin a ce wani abu, matar tsohon katikis ta tashi tana dafa gwiwa, ta kinkimi daronta, ta zo ta juye a kan nawa. Sauran biyar suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, cittar ta cika daron tana gangarowa kan ƙafafun Mama. Duk ido ya koma kan matar mai gyaran mashin. Ta dubi darukanta biyu cike, ta dubi inuwar.

"Ni dama inuwa yana sa ni barci," ta ce, ta tashi ta juye nata.

Daga nan ba wanda ya iya tsayar da abin. 'Yan ja, 'yan kore, marasa zare, har masu tsaron iyaka suka baro iyakar suka zo da abin da ke hannunsu. Daron ya ɓace, kujerar Mama ta ɓace, citta ta kai mata har gwiwa. Tana ta cewa, "Ku bari, ku bari, za ku binne ni da rai," tana dariya hawaye yana zuba. Sarauniya ce ta ƙarshe. Ta taho da takunta na isa, ta ɗauki saiwa ɗaya tak ta ɗora a saman tarin.

"Yanzu dukan ƙasa ya yi laifi, har da ni," ta ce. "Gobe kowa tsaron aladu. Aladu nawa ne a garin nan? Kuma wane ne zai tsaga na gida na ƙarshe?"

Ta miƙo hannu, na ba ta littafin. Ta tambaye ni wanne ne shafin kirarinta, na nuna mata, ta shafa shi da tafin hannu. Sa'an nan ta yage shafi na uku ta miƙa wa mai hura wutar gashin doya. Ta ce an ba magatakarda hutu tare da godiyar fada, hutun kuma ba shi da ranar ƙarewa. 'Yan rana kuwa ba a bar su haka ba, ta ba da umarni mazajensu su kafa musu rumfar zana kafin baɗi. Aka janye Mama daga cikin cittar mutum biyu suna riƙe da hannuwanta, Sarauniya ta sake ɗaure mata ƙullin da ta sassauta. Muka ci doya da manja, wata ta juya daro ta fara kiɗa, muka yi rawa a kan dutsen har ƙafafunmu suka yi zafi. Ban taɓa jin daɗin korata daga aiki ba sai ranar.

Da yamma muna komawa gida ni da Mama, ina ɗauke da kujerunmu biyu, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Ba ta bar ni na kai ƙarshe ba.

"Kina tsammani ban san suna sa min ba?"

Na tsaya.

"Na san yankan kowa a dutsen nan. Na matan katikis yana da karkata. Shekara biyu ina juya kaina in ba su lokaci. In na nuna na gani za su ji kunya, ni ma zan ji."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar tsagaggiyar citta da ta tsinto daga tarin. Ta ɗaga min ita a hannunta mai rawa.

"Amma wannan naki ne, amarya. Duba. Gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar takarda. Yaya za su bushe tare? Shekara biyar kina ɓata mana citta, ina kallo daga nesa, ba dama in yi magana don kina can rana. Gobe ki kawo kujeranki kusa da ni."

Na ce, "Mama, ai ba ni da wuri a inuwa."

"Ba ke za ki zauna ba. Hannuna ne zai zauna. Nawa ya ƙi, amma ido yana nan. Ke ki riƙe wuƙa, ni in gaya miki inda za ki sa."

Washegari, ranar gida na ƙarshe, na ajiye kujerata a tsakiyar inuwa. Sarauniya ta ɗaga gira. Mama ta ce mata, "Hannuna ne," ta miƙo min wuƙarta da farin zaren a jiki. Sarauniya ta kau da kai ta ce a fara addu'a. Daro ɗaya muka yi amfani da shi mu biyu, kuma tun daga amin har aka kawo kunu Mama faɗa take min, in na kauce ta buge min gwiwa. Kafin rana ta yi tsaka ta ɗauki wata da na tsaga, ta juya ta gaba da baya, ba ta buge min gwiwa ba, ta jefa a daron ta miƙo min wata.